Katin Farko na Assibi

"Three notrump," in ji Eli, yana murmushi. Wato ya yi alkawarin ci tara cikin zagaye goma sha uku, kuma ni, abokiyar hamayyarsa a yau, ni ce zan ajiye katin farko.

Shekara shida ina abokiyar wasansa na karta, wato birij, a garin Glenwood, sannan ya yar da ni gaban mutane. Wai kullum ƙaramin kati nake fitarwa daga jerin katuna masu alama ɗaya da ya fi yawa a hannuna, kowa ya haddace ni.

Na ajiye ƙaramin kati daga wannan jerin, kamar kullum.

Ya san ina ƙullace da shi, sai ya ɗauka tarko ne. Ya tsare wani jerin, ya bar wannan a buɗe. Na kwashe ci biyar, wasansa ya rushe.

"Kin yaudare ni, Assibi!"

"Ban canza komai ba, Eli. Abin da ka raina ne ya kayar da kai."