Masai Na Huɗu

"Duk zuriyarmu ba a taɓa samun namiji da ciwon sanyi ba," in ji Alhaji Babba. "Ciwon mata ne, a masai suke kwaso shi."

Ya kuwa tsaya kan iliminsa. Sau uku matarsa Adawiyya tana kamuwa, sau uku yana sa a rushe masai a haƙa sabo. Ciki biyu suka zube a tsakani.

Da masu bincike suka zo asibiti a Kankiya, wata ma'aikaciya ta duba ta, ta miƙa mata ƙullin magani biyu.

"Hajiya, masai bai yi miki komai ba. Wannan naki, wannan na maigida. In bai sha ba, gobe ma kina nan."

Alhaji ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya kira mahaƙi. Adawiyya ta gaji da magana. Ta daka ƙwayoyin, ta riƙa dama masa a fura har suka ƙare.

Ta warke sarai. Alhaji ya shelanta a majalisa cewa masai na huɗu ne ya yi aiki, mazan ƙauyensu Dudunni suka duƙufa haƙa.

Ranar da Adawiyya ta je awon ciki, maƙwabciyarta Hawwa'u, wadda ita ma ta yi ɓari bara, ta matso ta raɗa mata, "Yaya, don Allah wa ya haƙa muku naku?"

Adawiyya ta buɗe baki, sai ta tuna ba a tona asirin miji.

Ta faɗa mata sunan mahaƙin.