Yadin da Ƙasa Ba Ta Ci

Shekara goma sha ɗaya ke nan da hana noman auduga saboda ƙarancin ruwa. Ranar Talata da safe mahaifiyar Tanimu ta rasu, wasiyyarta kuwa ɗaya ce tak: kada a yi mata likkafani da yadin roba.

Tanimu ya bi kasuwa rumfa-rumfa har rana ta take. Duk wanda ya warware masa farin yadi, sai ya zaro zare ɗaya ya kunna masa ashana, yadda mahaifiyarsa ta koya masa. Zaren auduga toka yake zama. Waɗannan kuwa narkewa suke yi, su dunƙule baƙi ƙirin, suna wari.

"Yaro, ka daina ƙona mini kaya," in ji wani dattijo mai rumfa. "Foliyesta ce ko'ina. Ni ma a cikinta za a naɗe ni."

Ya sayi yadi biyar na robar, ya koma gida.

Da suka kai ta maƙabarta, Malam Barau mai haƙar kabari ya riga ya gama aikinsa. A gefen ramin akwai wani farin ƙyalle a ninke, ya yi ƙasa-ƙasa, amma ko zare bai tsinke ba.

"Baba, wannan fa?" Tanimu ya tambaya.

"Na wanda ya riga ta kwanciya a nan ne. Wuri ya ƙare, tsofaffin kaburbura muke buɗewa. Ƙasa ta karɓi mutumin, ta dawo mana da yadin."

Ya karkaɗe ƙyallen, ya saɓa a kafaɗa.

"Da ka tambaye ni, da ba ka sha wahalar kasuwa ba. Wanki ɗaya yake so. Mutum uku ya raka."