Bikin da Bai Iso Wayar Lantana Ba

Tun da aka daina raba goron gayyata, waya ce ke zaɓar wa kowa saƙon da zai gani, gwargwadon abin da ya fi kallo. Lantana kuwa, tun rasuwar mijinta, bidiyonsa kawai take kallo.

Ran Lahadi ta kai wa ƙanwarta Barira daddawa. A ƙofar gida ta tarar ana kwance rumfuna, ana tattara kujeru.

"Me aka yi?" ta tambaya.

Barira ta sunkuyar da kai. "Yaya, jiya aka kai Zulai ɗakin mijinta. Mun yi ta turo miki saƙo. Da muka ji shiru, sai muka ce ko ba ki shirya shiga mutane ba."

Lantana ce ta yaye Zulai, 'yar Barira. Ta duba wayarta, ba ta ga komai ba sai marigayin yana dariya a gonarsa.

"Ta tambaye ni?"

"Har aka sa ta a mota tana waiwaye."

Lantana ta ce, "Turo mini hotonta."

Barira ta tura. Suka tsaya kusa da juna suna kallon wayar, har aka gama loda kujerun. Hoton bai shigo ba.