Injiniya Daga Guangzhou

Injin buga robobi ya tsaya ranar Talata, ma'aikata ɗari biyu suka koma gida. Manajan masana'antar, a nan Sharaɗa, ya kira kamfanin da ya ƙera injin a Guangzhou.

Injiniyansu ya ratso kusan kilomita dubu goma sha ɗaya a jirgi, ya sauka Kano ranar Litinin. Ya buɗe injin, ya daɗe yana duba wani ƙarfe da ya tsage.

"Wannan ba ƙirarmu ba ce," ya ce ta bakin tafinta. "Mun daina yin irinsa tuni. Wa ya yi shi?"

Manaja ya san wanda ya yi shi. Tsohon makanikensu ne, wanda ya sallama watan jiya saboda ba shi da takardar makaranta.

Da la'asar ya je Ɗorayi da kansa, ya durƙusa a zauren tsohon.

"Baba, ku taimaka mana."

Tsohon ya shiga ciki, ya fito da sabon ƙarfe a naɗe cikin tsumma.

"Shi na kawo ofishinka ranar da ka sallame ni. Ba ka bari na kwance tsumman ba."