Ranar da Muka Zama Bishiyoyin Turare

"Kowa ya buɗe lemarsa, ga jirgin nan tafe," in ji maigidana.

Mu goma sha tara muka durƙusa a filin da gara ta cinye dashen turare, kowa riƙe da koriyar lema da aka ɗaura wa ganye. Ɗan jirgin marar matuƙi hoto yake ɗauka daga sama, don kamfani ya ga yadda ganye ya rufe ƙasa. In ya hango fili, maigidana ya rasa aikin kula da gandun, mu rasa gidan da muke ciki.

"Ɗan nan, gwiwata fa," in ji surukata.

"Yi haƙuri, Inna. Bishiya ba ta da gwiwa."

"To, uwarka ce dai bishiyar."

Jirgin ya gama shawaginsa ya wuce.

Bayan kwana uku manaja ya bugo waya yana ta murna. Wai duk gandun babu inda ganye ya yi kyau kamar kusurwarmu, masana ma ba su taɓa ganin turare mai faɗin kai haka ba. Saboda haka jirgin zai riƙa zuwa kullum da hantsi, a ga yadda suke girma.

Yau wata huɗu ke nan. Da yake dole a ga girma, duk mako sai mun ƙara wa sandunan lema tsawo. Shekaranjiya kurciya ta yi ƙwai biyu a kan lemar surukata. Yanzu ko jirgi ya tafi, surukar tawa ba ta yarda ta tashi.