Ruwan Rijiyar Gida

Kaka ce ta faɗo asibitin da jaririn a kafaɗa, leɓɓansa sun yi shuɗi, yana numfashi da ƙyar. Uwarsa na biye tana kuka.

Da aka samo kansa, likita ta tambaya da wane ruwa ake dama masa madara.

"Na rijiyar gida," in ji uwar.

"Shi ne. Takin zamanin gonakinku ya tsiyaye cikin rijiyoyi, jinin jariri kuwa ba ya ɗaukarsa."

Kaka ta juya kan surukarta. "Kin ji ko? Ke ce mai ba shi ɗanyen ruwa in na fita! Ni sai ya tafasa har ya koma rabin tukunya."

Likita ta riƙo hannun Kaka.

"Kaka, wuta ba ta kashe wannan. Ruwan ne ke ƙonewa, takin ya zauna. Naki ya ninka ɗanyen ƙarfi."

Kaka ta nemi bango ta dafa. Wata uku ke nan tana yi, safe da yamma, ba fashi.