Muryar Inna Sharofat

Murya ce da aka naɗa, ta daƙiƙa talatin kawai, amma kafin azahar ta shiga kowace waya a Margilan. Muryar Inna Sharofat ce, mai masaƙar silikin da ta fi kowace girma a garin, tana wanke Baba Tursun, tsohon marininta, tas. Ba zagin ne ya tsayar wa mutane da gashi ba. "Kai" ta ce masa. A garin da ko jariri "ku" ake ce masa.

Yaya Oydin, shugabar masu saƙa, sau ɗaya ta saurara ta ce ƙarya ce. Matar da hotonta ke rataye a makarantar 'yan mata, wadda Oydin ta raɗa wa 'yarta sunanta? Shekara huɗu ke nan kowace safiya Inna na turo wa ma'aikata saƙon murya mai taushi, tana tambayar lafiyar kowa da sunansa. Ba ta cika saukowa daga benen masaƙar ba, amma wa yake buƙatar ganin fuska bayan irin wannan murya?

Kuma kowa ya san wadda ta iya irin wannan aika-aika. Gulandom, mai kwaikwayon liman da mai gadi da ƙarar ƙofar ɗakin rini. Shekara huɗu da ɗaukarta aiki, ko zare ba ta iya ƙullawa, sai ga ta da tebur a bene. Oydin ta daɗe da sa mata ido.

Ta dakatar da ita nan take. Washegari saƙon safe bai zo ba. Kwana uku shiru. Masu saƙa suka ce baƙin ciki ne ya hana Inna magana. Wasu kuwa suka fara raɗa cewa Baba Tursun bai musa ba, shayinsa kawai yake sha yana kallon tukunyar rini. Daga makaranta aka aiko tambaya ko a sauke hoton.

A rana ta huɗu takarda ta sauko daga bene: ko Gulandom ta sa hannu cewa ita ta ƙirƙiri muryar zagin, ko a miƙa ta ga 'yan sanda. Oydin ta kira ta ofis, ta cika mata kofin shayi har baki, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya sha ya tafi.

Gulandom ta dubi kofin ta yi murmushi. "Har korar ma da shayi, Yaya?"

Oydin ta ɗauko wayarta. Ta buɗe wani tsohon saƙo na hunturu, lokacin da mura ta sa muryar Inna ta dushe, har Oydin ta aika kwalbar zuma bene a ɓoye, da 'yar takarda a ƙarƙashin murfin. Ta ce wa Gulandom ta saurara da kyau, ta ji yadda mutanen kirki ke magana ko ba su da lafiya, sannan ta ji kunyar abin da ta sa a bakin Inna.

Leɓɓan Gulandom na motsi tare da saƙon, kalma da kalma, har da wurin tarin.

"Ba zan sa hannu ba," ta ce, ta ture takardar. "Baiwar Allah ta yi magana da bakinta sau ɗaya, ku ce ni ce?"

Oydin ta kai hannu kan waya za ta kira 'yan sanda.

Gulandom ta gyara zama, ta sauke murya, sai ga Inna Sharofat ta cika ofishin. "Barkanku da asuba, 'ya'yana." Ta koma tata muryar. "Zumar nan ta yi min magani, Yaya, 'yar takardarku ma tana nan a aljihun teburina. Duk abin da kuka ji daga bene shekara huɗun nan nawa ne, ban da zagin."